Kyamara a Ƙasa, Mawaƙi a Sama

A makarantun Ingila, ɗalibin da ya zaɓi darasin nazarin kafafen watsa labarai a matakin A-level, wato shekaru biyun ƙarshe kafin jami'a, takarda da biro kaɗai ba za su fisshe shi ba. Kashi 30 cikin 100 na makinsa yana fitowa ne daga abin da ya haɗa da hannunsa, kuma cikin ayyukan da hukumomin jarrabawa irin su OCR da Eduqas kan ba da zaɓi a kansu har da bidiyon waƙa. Sai ka ga yaro ko yarinya mai shekara 17, da kyamarar aro daga makaranta ko wayar aljihu, da abokai uku ko huɗu da suka yarda su ba da Asabar ɗinsu, an ce ya fito da minti uku da duk wanda ya kalla zai gane wace irin waƙa ake yi wa hoto. Wasu cikinsu sukan zaɓi hip-hop, gambarar zamani kenan a bakinmu, suna ganin ita ce mai sauƙi: a sa hular hana-sallah, a rataya sarƙa, a jingina da motar baban wani, shi ke nan.

Waɗanda suka tsaya a nan, da an kalli aikinsu ake gane kwaikwayo ne. Amma akwai 'yan kaɗan da idan ka ga nasu sai ka gyara zama. Kuɗinsu bai fi na sauran ba, kyamararsu ma haka. Abin da suka fi sauran da shi shi ne sun tambayi kansu dalilin kowace al'ada ta bidiyon hip-hop kafin su taɓa ta. Wannan gwaninta ce da nake jinjina wa ƙwarai, domin tana buƙatar ido da kunne da haƙuri a shekarun da haƙuri ke wuya.

Malamansu kan fara da sunaye biyu. Steve Neale, masanin fim ɗan Birtaniya, ya rubuta tun 1980 cewa kowane nau'in fim yana rayuwa ne a kan maimaici da bambanci: ka maimaita abin da mai kallo ya saba da shi don ya san inda yake, ka kawo sabon abu don kada ya ƙosa. Na biyu shi ne Andrew Goodwin, wanda a littafinsa na 1992, Dancing in the Distraction Factory, ya zauna ya warware bidiyon waƙa zare-zare: alaƙar hoto da baiti, alaƙar hoto da kiɗa, yawan ɗaukar fuskar mawaƙi daga kusa saboda kamfani na son a san hajarsa, da kuma alamomin da kowane nau'in waƙa ya keɓanta da su. Ɗalibi na iya haddace wannan a dare ɗaya. Mayar da shi hoto ne aikin.

Abu na farko da gwani ke yanke shawara a kansa shi ne wuri. Hip-hop waƙar unguwa ce tun asali. Ana ƙirga haihuwarta daga wani biki da DJ Kool Herc ya yi kiɗa a ranar 11 ga Agusta, 1973, a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke Bronx a birnin New York. Da Grandmaster Flash da ƙungiyar Furious Five suka yi bidiyon The Message a 1982, kan titi suka tsaya, tsakanin gine-ginen da suka lalace da cunkoson motoci, aka ƙare da 'yan sanda suna tusa su a mota. Tun daga nan ya zama doka marar rubutu cewa mawaƙin gambara yana nuna inda ya fito, domin rabin abin da yake faɗa shi ne: ni ɗan wuri kaza ne, na ga abin da nake ba ku labari. Wurin shi ne shaidarsa.

Shi ya sa wannan al'adar ta zama gatan ɗalibi marar kuɗi. A 2015 Stormzy ya tsaya a wani filin shaƙatawa a kudancin Landan cikin jar rigar wasanni ta Adidas, abokansa a bayansa, kyamara a hannun mutum ɗaya, ya rera Shut Up, kuma kafin shekarar ta ƙare waƙar ta shiga sahun goma na farko a Birtaniya. Shekara uku kafin haka, a Chicago, Chief Keef yana ɗan shekara 16 ya yi bidiyon I Don't Like a cikin gida, samari cunkus a ɗaki ba riga, ba fitilar sinima ba mota, ya zama samfurin da dubban bidiyoyi suka bi. Ɗalibin da ya fahimci wannan ba ya wahalar da kansa neman otal mai tauraro biyar. Matattakalar benen da yake zaune, ƙarƙashin gada, kejin ƙwallon kwando, bakin shagon soyayyar kaza da suke tsayawa bayan an tashi makaranta, duk sun isa. Sai dai ba kowane bango ake jingina da shi ba. Gwani kan je wurin kwana biyu kafin ɗauka, ya duba ta ina rana ke faɗowa da la'asar, ya nemi lungu mai zurfi wanda layukansa ke jan ido zuwa ga mawaƙi, ya guji bangon da zai manne wa mutum a baya hoto ya zama kamar na fasfo.

Daga wuri sai tsayuwar kyamara, kuma a nan ne hip-hop ta bambanta da kusan duk abin da aka koya wa ɗalibin a darasin fim. A fim, babban laifi ne ɗan wasa ya kalli idon kyamara. A bidiyon gambara, wanda bai kalle ta ba ya gaza. Mawaƙin da kai yake magana, yana nuna ka da yatsa, yana matsowa har fuskarsa ta cika allo. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ga ɗan dambe ya ɗaga hannun da ya naɗe yana kirari, yana juyawa yana fuskantar jama'a, ya san wannan tsayuwar: mutum ne ke faɗin ko shi wane ne, kuma yana son a ji shi ido cikin ido. Kyamarar da za ta ɗauki kirari ba a sa ta sama da kan mai yin sa. Saukar da ita ake yi zuwa daidai gwiwa ko ƙugu, a ɗaga bakinta sama, sai mawaƙin ya yi tsawo ya rufe sararin sama, mai kallo ya koma yana ɗaga kai.

Sannan a haɗa da gilashi mai faɗin gani. Irin wannan gilashin yana kumbura abin da ke kusa da shi, ya ƙanƙantar da na nesa, don haka idan mawaƙi ya miƙo hannu sai tafin ya yi girman fuskarsa biyu, ya janye ya koma daidai. Hannun da ke rawa da baiti ya zama wani ɗan wasa na daban. Darakta Hype Williams ne ya kai wannan ƙarshe a shekarun 1990 da gilashin da ake kira idon kifi, wanda ke lanƙwasa gefen hoto ya mai da shi kamar ƙwallo. Wanda ya ga Missy Elliott a bidiyon The Rain na 1997 cikin baƙar rigar da aka hura wa iska, ko Busta Rhymes a Gimme Some More, ba ya mantawa. Yau ɗalibi na samun kusan wannan da ƙaramin gilashin da ake maƙala wa waya, ko ma ya danna 0.5 a kyamarar wayarsa.

Ka tsaya kusa da irin waɗannan yara suna ɗauka ka ga aiki. Mai kyamara ya durƙusa yana ja da baya, gwiwoyi a lanƙwashe don kada hoto ya yi tsalle. Wani ya riƙe masa bayan riga yana jan sa hagu da dama kada ya faɗa kwata ko ya yi karo da sandar fitila. Na uku yana tafe a gefe da ƙaramar lasifika ta Bluetooth a ɗage, waƙar na tashi da ƙarfi. Na huɗu ya riƙe farin kwali yana maido da hasken rana kan fuskar mawaƙi, saboda kyamarar da ke kallon sama takan bar fuska cikin duhu, balle an sa hula. Mai kyamarar kuma dole ya haddace waƙar kamar shi zai rera ta, don ya san a wane layi mawaƙi zai matso, ya tarye shi, a wane layi zai ja baya, ya ba shi fili. Idan su biyun suka saba, sai ka rantse rawa suke tare.

Jama'ar da ke tsaye a baya ma al'ada ce mai dalili. Mawaƙin gambara ba ya zuwa shi kaɗai, yana zuwa da mutanensa, su ne ke tabbatar da cewa unguwa ta yarda da shi. Bidiyon Protect Ya Neck na Wu-Tang Clan, wanda aka yi da kuɗi ƙalilan har lambobin ƙirga lokaci suka fito a jikin hoton, ƙarfinsa duka a taron yake. Amma sarrafa abokai ya fi sarrafa kyamara wuya. Mutum ɗaya ya yi murmushin kunya, ko ya leƙa wayarsa, ko ya kalli mai lasifika, hoton ya mutu. Ɗalibin da ya iya yakan jera su kamar bakin mashi, mawaƙi a tsini, sauran a baya hagu da dama, ya ba kowa abin yi: kai gyaɗa kai kawai, kai ka zauna kan katanga, ku biyun nan ku faɗi kalmar ƙarshe ta kowane layi tare da shi. Wanda aka ba aiki ba ya tsayawa kamar an dasa shi.

Inda gwaninta ke ɓuya sosai kuwa shi ne daidaita baki da sauti, da kuma yanka hoto a kwamfuta. Mai waƙar soyayya na iya jan kalma ɗaya daƙiƙa uku. Mai gambara yakan zubo kalmomi goma a wannan lokacin, kuma idon mai kallo a kan leɓensa yake. Don haka wanda zai fito a matsayin mawaƙi, ko da ba shi ya yi waƙar ba, sai ya haddace ta har da inda ake shan numfashi. Kuma motsa baki kawai ba ya wadatarwa. Sai ya rera da murya sosai, domin jijiyar wuya da ɗagawar ƙirji da motsin haɓa suna fitowa a hoto, kuma rashinsu ne ke sa mai kallo ya ji wani abu bai yi ba ko da bai san mene ne ba.

Dabarar ɗauka ita ce a rera waƙar daga farko har ƙarshe a kowane wuri, ba guntu-guntu ba. A matattakala sau uku: daga nesa, daga ƙugu zuwa sama, sai fuska kaɗai. A ƙarƙashin gada ma haka, a filin ƙwallo ma haka. Kafin kowace ɗauka wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, ko a sa ƙara huɗu a farkon waƙar, don a sami alamar da za a jera komai a kanta. Idan aka zo manhajar yanka hoto irin su Premiere ko DaVinci Resolve ko CapCut, sai a ɗora hotunan tara ko goma sha biyu bisa juna, duk a daidaita su da waƙar tun daga daƙiƙar farko. Daga nan mai yanka yana da 'yancin tsallakawa daga matattakala zuwa gada a tsakiyar kalma, bakin mawaƙi bai kuskure ba.

A nan lissafi ke shigowa, kuma ina jin daɗin ganin yaron da ke gudun darasin lissafi yana yin sa da kansa ba wanda ya sa shi. A Birtaniya da Najeriya bidiyo kan tafi da hoto 25 a daƙiƙa. Idan kiɗan yana bugu 100 a minti, kowane bugu ya ci hoto 15 ke nan, layi ɗaya mai bugu huɗu ya ci hoto 60, baiti mai layi 16 kuma ya ɗauki daƙiƙa 38 da ɗoriya. Ɗalibi kan kunna waƙar ya riƙa danna maɓalli yana sa alama a kan kowane bugu, musamman na biyu da na huɗu inda ƙaramar ganga mai kaifin sauti ke faɗowa. Idan baki ya zame da hoto biyu ko uku kacal, ido zai kama.

Sai dai wanda ya yanka a kan kowane bugu daga farko har ƙarshe ya yi aikin agogo, kafin minti ɗaya mai kallo ya gaji. Gwani yana sauraron kiɗa biyu ne a lokaci guda: na ganga da na harshen mawaƙi. Wani lokaci ya bi ganga, wani lokaci ya bi inda mawaƙi ya karya layi. Idan ana gab da maganar da ta fi kowace nauyi a baitin, sai ya daina yanka, ya bar fuskar a allo daƙiƙa huɗu ko biyar har maganar ta sauka, sannan ya sake. Idan amshi ya zo ya ƙara sauri, ya buɗe hoto a ga taron duka. Carol Vernallis, a littafinta na 2004 kan bidiyon waƙa, ta nuna cewa a nan yankan hoto ba ya ɓuya kamar yadda yake yi a fim, fitowa yake fili ya zama wani ɓangare na kiɗan. Shi ya sa tsalle daga hoto zuwa kusan irinsa, wanda malamin fim zai ja wa jan biro, a bidiyon gambara ado ne idan ya faɗi a kan bugu.

Akwai wata dabara da ke burge ni kullum. Ana so mawaƙi ya yi tafiyar hawainiya, rigarsa na kaɗawa a hankali, amma bakinsa na tafiya daidai da waƙa. Sai a ninka saurin waƙar sau biyu a lasifika, a ɗauka da hoto 50 a daƙiƙa, mawaƙi ya bi ta a guje, a kwamfuta a rage saurin zuwa rabi. Baitin gambara ya yi sauri da yawa a ninka shi, don haka a amshi ake yin wannan. Wanda ke ganin wahalar ta yi yawa ya tuna ƙungiyar The Pharcyde, waɗanda a 1995, don bidiyon Drop da Spike Jonze ya shirya, suka koyi furta baitocinsu daga ƙarshe zuwa farko, aka ɗauke su suna tafiya da baya, aka juya hoton.

Game da alaƙar hoto da baiti, Goodwin ya raba ta uku: hoto ya nuna abin da aka faɗa, ko ya ƙara masa ma'ana, ko ya saɓa masa da gangan. Sabon shiga kan maƙale a na farko, a ce kuɗi ya nuno kuɗi, a ce waya ya nuno waya. Wanda ya ƙware kan zaɓi layi biyu ko uku kawai ya nuna, sauran ya bar wa fuska da hannu.

Sai batun da ya fi kowanne jawo gardama: sarƙoƙin zinare, manyan motoci, ruwan kuɗi, da mata da ake jerawa kamar kayan ado. Waɗannan sun yi ƙarfi ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kamfanoni ke zuba maƙudan daloli a bidiyo ɗaya, zamanin riguna masu ƙyalli na Puff Daddy da Mase a Mo Money Mo Problems. A bayansu akwai magana: mun fito daga babu, ga inda muka kai. Ɗalibin da ya ari motar da ba tasa ba ya watsa takardun kuɗin bogi ya ɗauki fatar maganar ya bar naman. Wanda ya gane yakan tambayi kansa, mu me muke taƙama da shi? Wataƙila farin takalmi ne da aka goge da buroshin haƙori, ko keken da aka ɗaga ƙafarsa ta gaba ana tafiya. Run-DMC da takalman Adidas marasa igiya suka yi tasu taƙamar a 1986, kuma ta isa. Batun mata kuwa, a ganina ɗalibin da ya ƙi wannan al'ada ya kuma iya bayyana dalilinsa ya fi wanda ya bi ta ido rufe sanin hip-hop, domin tun 1989 Queen Latifah ta yi Ladies First, kuma yarinyar da ta tsaya a tsinin mashi da kanta, kyamara na kallonta daga ƙasa, tana cikin gidan gambara daram. Makami ko na roba ne ba shi da wuri a aikin makaranta. A 2018 YouTube ta sauke bidiyoyin gambarar drill fiye da 30 bisa buƙatar 'yan sandan Landan, kuma yaran da ke wannan darasi sun san labarin.

Wannan tambayar ta me muke taƙama da shi ita ce ke gaban ɗalibin aikin jarida a Jami'ar Bayero ko na Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos idan ya ɗauki kyamara zai yi wa abokinsa bidiyo. Yana da magabata a gida: Classiq da B.O.C Madaki daga Bauchi, DJ AB daga Kaduna, Morell, da Nomiis Gee wanda ya daɗe yana gabatar da gambarar Hausa a tashar Arewa24, ga kuma ƙungiyoyin Nijar irin su Kaidan Gaskia. Yana da lungunan cikin birni masu zurfi, da duwatsun Jos, da layin Adaidaita Sahu masu ruwan ɗorawa da ke cika hoto da launi kyauta. Yana kuma aiki a inda iyaye da unguwa ke kallo, a Kano ma akwai Hukumar Tace Fina-finai tun 2001. Saukar da kyamara, kallon ido cikin ido, taron abokai da yanka a kan bugu duk suna aiki da kaftani da hula zanna kamar yadda suke yi da rigar Adidas.

Rabin maganar Neale na biyu, wato bambanci, galibi daga hannun irin waɗannan yara yake fitowa. Jamal Edwards yana ɗan shekara 15 aka ba shi kyamara kyauta, ya fara ɗaukar abokansa suna gambara a unguwarsu ta Acton a yammacin Landan, ya kafa tashar SBTV a 2006, kuma salon nan na mawaƙi ɗaya, kyamara ɗaya, ɗauka ɗaya ba yanka ya zama makarantar da mawaƙan Birtaniya da dama suka bi ta cikinta kafin rasuwarsa a 2022. Cole Bennett kuma yana makarantar sakandare a ƙaramin garin Plano na jihar Illinois ya buɗe shafin Lyrical Lemonade a 2013. Ya riƙe duk al'adun da aka gada, mawaƙi na kallon kyamara, gilashi mai faɗi, yanka a kan bugu, sai ya ƙara nasa: launuka masu haske kamar na alewa, da zane-zanen hannu da ke tsalle a jikin hoto, layi ya zagaye mawaƙi, walƙiya ta fita daga yatsa daidai faɗowar ganga. Ya shiga Jami'ar DePaul ya bari don aikin ya yi masa yawa, ya yi wa Juice WRLD bidiyon Lucid Dreams a 2018, a 2020 kuma Eminem da kansa ya tsaya gaban kyamararsa don Godzilla. Yau darussan koyon irin wannan zane sun cika YouTube, kuma ɗalibin da ya sa shi a bidiyonsa bana, idan ya zo rubuta bayanin aikinsa ga masu ba da maki, cikin al'adun hip-hop da ya bi zai lissafa shi, kusa da idon kifin Hype Williams.